Ba a Wuce Tsohuwa a Ans Mari

A Ans Mari, ɗan garin nan namu na bakin Tekun Karibiyan, akwai wata hanya da ta gangara daga coci zuwa tashar jiragen ruwa. In tsohuwa na tafe a kanta, ba a wuce ta. Komai saurin mutum sai ya rage tafiya, ya biyo ta a baya har ta karkata gida. Baƙi kan ce mutanen garin nan akwai ladabi. Mu kan yi shiru. Ladabinmu bai kai haka ba. Wata mace ce ta bar mana wannan, kuma ba da arha ta same shi ba.

Sunanta Zeli Maturen. A kan tudu aka haife ta, cikin gonakin ayaba, a zamanin da Ingila ke riƙe da tsibirin. Ta sauko gari tana budurwa, doguwa, mai faɗin kafaɗa, ta shiga cikin mata 'yan dako. A lokacin, ranar da jirgi ya iso, motoci kan zube ɗanyar ayaba a wata rumfa, mata su riƙa ɗauka a ka, nonon ayaba guda guda, su bi wata doguwar gadar katako da ta miƙa cikin ruwa har gindin jirgi. Gadar ba ta da faɗi: gefe ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa, sai ɗan tsakiyar da mai sauri kan ratsa ta wuce. Iya sawunki iya ladanki. Saboda haka gudu ake yi, kuma ba a taɓa ganin mai gudu irin Zeli ba.

Kowace mace da gammonta. Da busasshen ganyen ayaba ake murɗa shi, a naɗe shi da tsumman tsohon zanen uwa. Ba a aronsa, ba a tsallake shi. Heluman tashar, Misye Oktav, yana da wata sanda mai ƙugiya a baki. In ya ga ƙafar mace ta fara nauyi, ba ya zaginta, ba ya kiranta gefe. Jira yake ta dawo ba kaya, ya sa ƙugiyar ya ɗauke gammon daga kanta, ya wulla shi ruwa. Shi ke nan. An sallame ta.

Akwai wata dattijuwa, Ma Tazi, wadda ta koya wa Zeli murɗa gammo ranar da ta fara aiki. Wata rana tun safe Zeli ke ta wuce ta a kan gada, kowace wucewa tana cewa, "Hanya, Ma, hanya!" tana dariya, don ƙuruciya ba ta san tana da nauyi ba. Da rana ta take, tana dawowa, sai ta hangi wani gammo mai shuɗin tsumma yana juyi a kan ruwa. Ta san tsumman. Ma Tazi na tsaye, furfura a waje, ta ɗora tafin hannu a tsakar kanta kamar mai neman wani abu. Sannan ta ce, "Na gode, Misye," ta juya ta hau hanyar coci.

Godiyar nan ce ta hana Zeli sakewa.

Da jirgi na gaba ya yi kuka a bakin tasha, ba gada ta nufa ba, gidan Ma Tazi ta nufa. Ta same ta zaune tana ɓare wake.

"Ma, tashi mu tafi."

"Ina?"

"Ba ki ji jirgi ba?"

"Na ji. Ba ni yake kira ba."

Zeli ta fito da sabon gammo daga cikin kwando. Da gefen zanenta na zuwa coci ta naɗe shi. Tsohuwa ta juya shi a hannu, ta duba murɗin, ta ce bai yi tauri yadda ta koya mata ba. Sannan ta ce, "In aka sake jefa wannan fa, 'yata?"

"Sai a haɗa da nawa."

Ran nan Ma Tazi ce ta fara ɗaukar kaya. Zeli ta biyo ta, amma ba a bayanta sak ba. Tsakiyar gadar ta bi, da kafaɗun nan nata, tana taku irin na tsohuwa. Babu ta inda za a ratsa. Layi ya taru a baya, ana ta tsaki. Mai babbar murya a cikinsu ita ce Fifin, tsararta, gajeriya mai jiki, wadda tun suna 'yan mata ba su taɓa yini ba su yi faɗa ba.

"Ke Zeli! Gawa muke rakawa? Matsa mana!"

"Wuce."

"Ta ina? Kin tare hanya kamar saniyar Fadan coci!"

"To ki yi haƙuri."

"Haƙurin ne zai saya mini kifi? Ku ji mini mace! Jiya ita ce guguwa, yau ta zama kunkuru!"

Misye Oktav ya tsaya a bakin gada yana kallo. Da Zeli ta dawo ya ce, "Ƙafarki ce ke ciwo?"

"Lafiyarta lau, Misye."

"To me ya same ki?"

"Na gaba da ni nake bi."

Bai taɓa gammon Ma Tazi ba. Na Zeli ya ɗauke, ya wulla. Ta bi shi da kallo har ya faɗa ruwa, sannan ta shiga rumfa ta ɗora nonon ayaba a kan tsurar kanta. Wanda bai taɓa ɗauka ba ba zai san abin da kututturen ayaba ke yi wa fatar kai ba. Ta je ta dawo, ta sake ɗauka. Da aka ga abin da ke gangarowa ta bayan kunnenta ba ƙaron ayaba kaɗai ba ne, sai tsakin ya mutu.

Fifin ce ta fara. Ta ce, "Mahaukaciya," ta cire gammonta ta ajiye a gaban heluma. "Ga nawa, Misye, kada ka wahalar da sandarka." Wata ta ajiye nata kusa da shi, wata ma haka, har gammaye suka jeru a bakin gada. Mata suka zauna a ƙasa, suka miƙe ƙafa.

Ayaba ba ta jiran kowa. Ɗanya ake so ta bar tsibiri, in ta fara nuna a rumfa ta zama abincin alade. Aka kira 'yan sanda, suka zo suka tarar da iyayensu da gwaggonninsu a zaune, suka tsaya suna gyaran hula. Da ƙamshin nunanniyar ayaba ya kai ofishin manajan kamfanin, ya sauko da kansa ya tambayi ƙarin nawa suke so. Ba wadda ta yi tunanin ƙari. Aka juya ana kallon Zeli, ita kuwa ba ta taɓa magana a gaban Bature ba. Abu biyu ta faɗa. Sandar heluma ba za ta sake taɓa gammo ba. Kuma daga ranar, wadda ta fi kowa tsufa ita ce a gaban layi, sauran su biyo ta bisa shekarunsu, ba mai wuce wata.

Haka ƙungiyar mata 'yan dako ta Ans Mari ta samo asali, tun ba ta san sunanta ƙungiya ba. Dokar nan ita ce ginshiƙinta: muddin tana nan, tsufa ba zai raba mace da abincinta ba.

Daga baya manyan ƙungiyar ƙwadago suka zo daga babban birni da tuta da jawabai, aka haɗe, aka naɗa Zeli shugabar reshe. Ta daɗe a kai. A hannunta aka sa wa rumfa rufin kwano, aka kawo randar ruwan sha, aka daina korar mai jego. Ta taɓa shiga gidan yari lokacin babban yajin masu yankan rake, don ta hana a ɗora wa jirgi ko ɓawon ayaba har sai an saurare su. Ba mace ce mai daɗin zama ba. Ba ta iya lallashi ba, kuma in ta ƙi abu ta ƙi. Mijinta Leyons, masunci ne, ya kan ce shi taro ya aura, sai dai ana ba shi aron mata ranar Lahadi. Teku ta riƙe shi wata shekara da iska ta yi yawa. Ɗansu guda ya bi jirgi zuwa Ingila kamar sauran samarin lokacin, ya aiko da hotonsa cikin babbar riga, daga nan labari ya riƙa tsinkewa. Fifin ce ta riƙe yaron nan ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Makume, wato abokiyar zama uwa a yarenmu, ko a tsakiyar zagi.

An taɓa yi mata tayin kujera a hedikwata, da fanka a sama. Ta ce kujera tana kashe gwiwa. Ta koma gada.

Ma Tazi ta ja layi har ranar da ta ce ta gaji, da bakinta. Wadda ke bin ta ta karɓa, ita ma ta yi nata ta wuce. Zeli ba ta lura ba, amma kowace shekara kawunan da ke gabanta raguwa suke. Wata safiya ta ɗora kaya ta fito daga rumfa, ta ɗaga ido, ba ta ga bayan kowa ba. Gada ce kawai, da jirgi a ƙarshenta. An fara ce mata Ma Zeli tun tuni, amma sai ranar ta ji sunan.

Gwiwar da ta ce kujera ke kashewa, gada ce ta kashe ta. Ita a ganinta tafiya take yi sosai. Na baya ne suka san gaskiya.

A cikinsu akwai Klodin, doguwar mace mai 'ya'ya ƙanana, mijinta ya tafi yankan rake ƙasar waje bai waiwayo ba. Ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa. Tana can wajen ƙarshen layi tana cin birki daga safe zuwa yamma. A daidai lokacin kuma sabon manaja ya aiko da magana: lodin Ans Mari ya cika jinkiri, ko a sake tsari ko jirgi ya koma tashar kudu. Tsarin da ya kawo mai sauƙi ne. Masu ƙarfi su yi gudu yadda suke so, kowa da sawunta. Dattawa a ba su tsintsiya su riƙa share rumfa, a ba su abin sayen sabulu.

Aka kira taro a rumfa bayan an tashi daga coci. Ma Zeli ta miƙe ta fara magana yadda ta saba. Ta ce sannu ba ta hana zuwa.

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji Klodin daga baya. Aka yi 'yar dariya. Ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. "Ma Zeli, ban raina ki ba, Allah ya sani. Amma tukunyata ba ta san doka ba. Yarana shayin koko suke sha su kwanta. Ina da ƙafa, an ɗaure mini ita. Tambaya ɗaya zan yi, ki gafarce ni. Dokar nan, yau wa take karewa?"

Matar da ta amsa wa manajoji da alƙalai ta buɗe baki, ta rufe. Duk abin da za ta faɗa, na gaban layi ce za ta faɗe shi, kuma kowa ya san wace ce a gaban layi. Ta dubi Klodin, ta ga kafaɗun, ta ga ƙafar. Ta san yarinyar nan. Ita ce kanta a da, mai cewa hanya, Ma, hanya.

Aka ɗage ɗaga hannun da zai yanke makomar dokar zuwa safiyar jirgi mai zuwa.

Da la'asar Fifin ta hauro gidanta tana haki, da kwanon dafaffiyar ayaba da kifin gishiri. Ta zauna a dakali sai da numfashinta ya dawo.

"Makume, yau an ga abin da ba a taɓa gani ba. An rufe miki baki. Da na sani da na zo da mai hoto."

"Yarinyar tana da gaskiya."

"Gaskiyar me? Fitsararriya dai!"

"In na ce a bar dokar, kaina nake wa. In na yi shiru, ta faɗi." Ta ɗan juya kwanon. "Wa ke bi na a layi?"

"Kin fi kowa sani. Ni ce. Kin girme ni da damina guda, kin kuwa hana ni sakat da ita tun muna 'yan mata."

"Kin fi ni nauyin ƙafa."

"Jikina ne mai albarka, ba irin naki ba kamar sandar rake." Fifin ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta dubi ƙawarta da kyau. "Zeli. Me kike shirin yi?"

Zeli ta tura mata kwanon.

"Me za ki ci? Hoton ɗanki?"

"Ci abincinki, Makume, yana hucewa."

"Ni na kawo miki shi, shashasha."

Suka ci tare.

Safiyar jirgi mata suka taru a bakin gada, manaja na tsaye can nesa a inuwa. Ma Zeli ta zo a makare, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta tsaya wurin da shugaba ke tsayawa ba. Ta ratsa su a hankali ta hau gada, ta tsaya inda kowa ke ganinta. Ta cire gammon daga kanta. Ta riƙe shi kaɗan. Sannan ta wulla shi ruwa.

'Yan matan ba su taɓa ganin gammo a ruwa ba, labari kawai suke ji. Dattawan kuwa wata ta yi salati irin namu, ta shafa goshi da ƙirji. Fifin ta juya baya.

Ma Zeli ta dawo, furfura a waje.

"Klodin, kin yi tambaya, ban amsa ba. Yanzu ba ni da kai a cikin kayan nan, sai in amsa. Juyo ki dubi inda kike tsayawa. Da kika fara aiki, wa ke bayanki?"

"Ba kowa, Ma."

"Yanzu fa?"

Klodin ta waiwaya. Akwai 'yan mata a bayanta, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Ni ma daga can na taso," in ji Ma Zeli. "Ban ji lokacin da na iso nan ba. Layin nan gaba yake tafiya, 'yata, ba ya komawa. Ban ce tukunyarki ƙarya take ba. Ku ɗaga hannu yadda kuka ga dama. Ni ba ni da hannu a nan kuma."

Ta wuce ta zauna a kan wani dutse a bakin ƙofar tasha, ta ba su baya.

Dokar ta tsira, da ƙyar. Klodin ba ta ɗaga mata hannu ba, kuma ba ta ɓoye ba. Fifin ta ɗora kaya ta fito gaba tana numfarfashi, layi ya biyo ta, ya fi na jiya ma jinkiri. Can sai aka ji muryar Klodin daga baya: "Ma Fifin! Gawa muke rakawa?" Fifin ta ce, "Ta uwarki, mara kunya!" Amma da wata sabuwar yarinya ta zame za ta ratsa ta tsakiya, gwiwar hannun Klodin ta tarar a haƙarƙarinta.

"Koma wurinki. An ɗaga hannu, ba ki gani ba?"

Manaja bai yi ƙarya duka ba. Jirgi ya rage zuwa Ans Mari na wani lokaci, gidaje da yawa suka ji a jikinsu, har da na Klodin. Akwai waɗanda suka daina gaida Ma Zeli. Ita kuwa ta kafa murhu a bakin ƙofar tasha tana sayar da shayin koko da soyayyen kifi. Ba ta iya ciniki ba, fuskarta ba ta kiran mai saye. Wasu ranaku da kifin take komawa. An sha ganin yaran Klodin a gindin murhun da kofi a hannu, ba a kuma taɓa jin ita ko Klodin ta ambaci zancen ba.

Shekaru kaɗan bayan haka aka fara zuba ayaba a kwali tun daga gona, aka kawo injin da ke jan kaya har cikin jirgi. Dako ya ƙare, na tsohuwa da na yarinya. Sai dai har ranar ƙarshe, ba macen da ta bar gadar nan don ƙafarta ta yi nauyi, in ban da guda ɗaya. Wasu na cewa Ma Zeli ta jefar da abincinta saboda abin da ba zai daɗe ba. Ban sani ba. Ba a tambaye ta ba, ita kuma ba ta faɗa ba.

Ta rasu da damina. Ɗanta bai samu zuwa ba. Manyan ƙungiya suka zo daga babban birni da tuta da baƙar mota doguwa ta ɗaukar gawa, aka yi jawabai a coci, aka kira ta uwar ma'aikata. Maƙabartarmu tana can ƙasa, bayan tasha, sai an bi gangaren nan. Da aka fito da akwatin, direba ya tayar da mota zai shiga gaba. Wata doguwar mace mai furfura a gefen kai ta ɗora hannu a kan ƙofarsa. Klodin ce.

"Dakata, ɗana. Ba kai ne a gaba ba."

Fifin ta fito daga coci, tana dogara sanda, idonta ya kusa rufewa. Tsofaffin 'yan dako suka jeru a bayanta, kowa ta san wurinta ba sai an faɗa mata ba, kowa da gammo a ka, ba kaya. Motar ta biyo su, manyan birni na biye da ita da takalmansu masu ƙyalli, yayyafi na sauka. Fifin kan yi taku kaɗan ta tsaya ta huta. In ta tsaya, garin duka ya tsaya.

A tsakiyar gangaren ta juyo ta dubi akwatin.

"Yi haƙuri, Makume," ta ce. "Ke kika kafa ta."

Ta gyara riƙon sandarta, ta ci gaba.